Sunan da Baba bai taɓa faɗa ba

Kwana goma sha tara da rasuwar Baba wayar ta yi ƙara, da hantsin wata Asabar, ina tsakar gida ina wanke kofunan koko. Wata uku ke nan yanzu, amma hankalina bai gama dawowa daidai ba. Ina wannan rubutun ina ajiye biro ina sake ɗauka.

A layinmu na Ƙofar Galadima, a Zariya, gidanmu kaɗai ke da tarho, kuma ba don mun fi kowa ba. Baba dillalin manyan riguna ne. Yana sayo shadda ya raba wa masu ɗinkin hannu na cikin birni, mutum ya zauna wata biyu a kan riga guda, a kai wa masu bugu su buge ta har ta yi sheƙi, sannan ya aika Kano da Legas. Saboda masu sayen nesa ya yi ta zirga-zirga har aka ja masa layi. Wayar baƙa ce, mai nauyi, da faifan lambobi da ake juyawa da yatsa. Tana kan ɗan tebur a ɗakinsa na kusa da zaure. Tun da na gama sakandare ni ce mai ɗagawa in ba ya nan, ni ce mai rubuta masa wasiƙa, ni ce mai shigar da abin da ya saya da abin da ya sayar a littafi. Shi ya sa da ya rasu, Baffa, ƙanensa, ya ce in ci gaba da riƙe makullin akwatin ƙarfensa har bayan sadakar arba'in, a zauna a raba gado. Abin da ke cikin akwatin shi ne duk kuɗin da ya bar mana, ni da Inna da ƙannena huɗu.

Inna tana takaba, ba ta fita, ba ta ma cika barin ɗakinta ba. Gwaggo, yayar Baba, ta taso daga Ƙofar Jatau da ƙullin kayanta ta tare a gidanmu don ta taya ta zama. Yara sun tafi Islamiyya. Don haka ni na goge hannu na je na ɗaga.

Muryar dattijo ce, mai taushi, irin ta mutanen Kano. Ya yi sallama cikakkiya. Ya tambaya ko gidan marigayi Alhaji ne. Ya yi mini ta'aziyya mai tsawo, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, Allah ya raya abin da ya bari. Har idona ya cika. Sannan ya kira ni da sunana na yanka, ya ce, "Ke ce ko? Babbar 'yarsa?"

Na ce ni ce.

Ya ce, "Na gane muryarki tun kafin ki faɗa. 'Yata, akwai maganar da ta tsaya mini a wuya. Ranar jana'iza ina nan. Da liman ya miƙe ya ce duk mai bin mamaci bashi ya yi magana, na buɗe baki, kunya ta rufe mini shi. Ga jama'a har bakin titi, ga baffanki yana kuka. Na ce ba yau ba."

Ya ce shi ɗan kasuwar shadda ne a Kano. Wata guda kafin Baba ya kwanta ciwo ya ɗauki bandir shida a wurinsa, kuɗinsu naira dubu ashirin da biyu, a kan zai biya in riguna sun fita.

Na ce, "Alhaji, ni nake riƙe masa littafi. Ban ga wannan a ciki ba."

Ya yi 'yar dariya, mai tausayi, ba ta raini ba. Ya ce, "'Yata, ba duk abin da magidanci ya yi ne yake shiga littafi ba. Ni da shi ba ma rubutu, shekara nawa. Hannu kawai muke ba juna." Sai ya shiga faɗa mini Baba. Ya san yana ɗingisa ƙafar hagu. Ya san farin goro yake ci, ba ya cin ja. Ya san an kafa rumfa shuɗiya a ƙofar gidanmu kwana uku. Ina tsaye ina jin mutumin da ban taɓa gani ba yana zana mini ubana daga cikin baƙin akwati.

Ya ce, "Kullum ya zo rumfata sai ya yi maganarki. Ya ce, wance ce idona, wance ce mai riƙe mini littafi, in ba wance ba da kasuwata ta watse." Duk inda na rubuta wance, sunana ya faɗa, sau uku.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Daga nan muryar ta canja kaɗan, ba ta yi tsauri ba, ta dai ƙara sauri. Ya ce in don ta shi ne da ya yafe. Amma kayan na kamfani ne, kuma lauyan kamfanin ya riga ya rubuta takarda. In kuɗi bai shiga hannunsu yau ba, ranar Litinin za su zo da 'yan sanda su rufe ɗakin Baba, su kwashe rigunan mutane, a gaban unguwa, ga Hajiya a cikin takaba. Ya ce wannan ma duk mai sauƙi ne. "Ke kin yi karatu. Kin san abin da malamai suke faɗa a kan wanda ya mutu da bashi. Yana can a rataye, ba ya samun hutu sai an biya. Kwana goma sha tara ke nan, 'yata."

Na ce bari in gaya wa Baffa.

Ya ce, "A'a. Asirin mahaifinki ne. In baffanki ya ji, matarsa ta ji, gobe a ce Alhaji ya mutu da kayan mutane a wuyansa. Kada ki tayar wa Hajiya hankali ma. Ke ya yarda da ke. Ki rufa masa asiri, ba wanda zai sani sai ni da ke da Allah."

Ya ce in kai kuɗin tasha, inda ake lodin motocin Kano, kafin la'asar. Zan ga mutum mai koriyar hula kusa da mai shayi, direbansa ne. Na tambayi lambar wayarsa, ya ce ta shagonsu ta lalace, daga ofishin waya yake kira, zai sake bugowa bayan azahar ya ji ko na shirya. Na tambaya ko za a ba ni rasit, ya ce in Allah ya yarda zai aiko da shi cikin mako.

In an ce mini yau wata yarinya ta yarda da wannan, zan ce ba ta da wayo. Amma ni ce. Na rufe ƙofar ɗakin, na ciro makulli daga wuyana, na buɗe akwatin. Dubu ashirin da shida ne a ciki da 'yan canji. Na ƙirga ashirin da biyu, sau biyu ina ɓata ƙirgen. Abin da ya rage a ƙasan akwatin bai kai kaurin ɗan yatsa ba, shi ne zai ciyar da yara huɗu. Na gan shi, ba wai ban gani ba. Amma duk sanda na rufe ido Baba nake gani a cikin rami, ƙasar damina ta jiƙe, yana jira. Tun muna Islamiyya ake tsoratar da mu da bashin mamaci, kuma na yarda da shi har ƙashina, har yanzu ma na yarda. Na ƙulle kuɗin a tsohon ɗankwali, na ɗaura a ƙuguna ƙarƙashin zani. Na yi azahar da su a jikina, ban san me na karanta ba. Na ce ba zan ma jira ya sake kira ba, gara in fita kafin a lura.

Gwaggo tana gindin bangon ɗakin girki, ta miƙe ƙafa, tana tsinkar rama a faifai. Ba ta ɗago kai ba.

"Iya ƙarama," ta ce. Haka take kirana. "Ina zuwa da takalmin fita? Ko wani ne ya yi miki fito ta cikin baƙar tukunyar nan taku?"

Na ce makaranta zan je in duba ko sakamakon jarrabawa ya fito.

"Ran Asabar? Bokon naku ya ci gaba." Sai ta ɗago. Ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a ƙuguna. "Tun yaushe kika yi ƙiba ta gefe ɗaya?"

Ni dai ban iya ƙarya ba, musamman a gabanta. Ta ajiye faifan, ta miƙe da ƙyar, ta kama hannuna ta ja ni cikin ɗakin girki inda Inna ba za ta ji ba. Na faɗa mata komai a tsaye, ina kuka ina haɗiye kukan. Bandir shida, lauya, Litinin, mai koriyar hula. Ta saurara, fuskarta ta yi nauyi. Da na zo kan maganar rataya sai na ga ita ma ta runtse ido. Ƙanenta ne, ita ta goye shi.

Ta ce, "Kin tabbata ya san shi?"

Na ce, "Gwaggo, har ƙafarsa ya sani. Har goronsa. Ya ce kullum Baba yana zuwa rumfarsa yana cewa wance ce idona, wance ce mai riƙe mini littafi."

"Yana cewa me?"

Na maimaita.

"Shi ƙanen nawa? Ya buɗe baki ya ce haka, da sunan?"

"Haka ya ce."

Gwaggo ta saki hannuna. Sannan ta ce, a hankali, "Iya ƙarama, shekararki nawa a duniya?"

Na ce goma sha tara.

"A cikin goma sha taran nan, sau nawa kika ji ubanki ya faɗi sunanki?"

Ko sau ɗaya ban taɓa ji ba.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma sunan mahaifiyar su Baba aka sa mini, ita da ta rasu kafin a haife ni. Ko ɗaya daga cikin biyun ya isa ya hana mutum irin Baba kama sunan, balle sun haɗu. Uwata yake ce mini. Uwata kawo ruwa, Uwata rubuta wannan. In yana magana da wani a kaina ya ce yarinyar nan, ko mai sunan tsohuwa. Na tuna ranar da ya kai ni firamare, hedimasta ya buɗe rajista ya ce yaya sunanta, Baba ya yi ta kallon rufin ofis, daga baya ya taɓa kafaɗata ya ce, "Faɗa masa." Ni na faɗa da bakina, ina 'yar shekara shida. Ko da wani a layi yake da 'ya mai irin sunan, Baba sai ya yi kwana ya ce 'yar gidan wane.

"Ko ni da nake tsaye a nan ban taɓa faɗa ba," in ji Gwaggo. "Uwarmu ce. Shi kuwa ya fi ni kunya sau goma. Sai ya je tsakiyar kasuwar Kano, gaban maza, ya yi ta rafka sunan uwarsa kamar mai tallan gyaɗa? Wannan mutumin bai taɓa zama da ubanki ya sha ruwa ba."

Abin da ya fi damuna har yau shi ne na san wannan. Ba wanda ya fi ni sani. Amma da mutumin ya faɗa, maimakon in ji ƙararrawa, daɗi na ji. Wani wuri a cikina ya daɗe yana son a ce, can nesa da gida, inda kunya ba ta kama shi, Baba yana kiran sunana da bakinsa yana alfahari. Mutumin bai san ya yi kuskure ba, ni kuma na karɓi kuskuren da hannu biyu saboda ina so ya zama gaskiya.

Muna tsaye haka wayar ta sake yin ƙara.

Gwaggo ta ce, "Mu je."

Ita fa ba ta taɓa taɓa wayar nan ba. Shekara uku tana cewa ba za ta yi magana da wanda ba ta ga idonsa ba. Ta shiga ɗakin Baba, ta goge hannu a zani, ta ɗauki kan wayar da yatsu kamar ta ɗauko kifi mai rai, ta kafa shi a juye, wajen magana a kunne. Na juya mata. Ta riƙe shi nesa da kunnenta kaɗan, shi ya sa na ji duk abin da ya ce.

"Salamu alaikum! Wa ke ciki?" Da ƙarfi, kamar mai kiran wani a gona.

Ya amsa, ya ce ina yarinyar.

"Yarinya tana nan. Ni ce yayar mamacin, ciki ɗaya. Ina wuni? Ina gajiya? Ya iyali? Ya yara? Ya kasuwa? Ruwa ya sauka a wajenku kuwa? Mu nan har ya so ya yi yawa. Ya haƙurinmu?"

Yana amsawa, kowace amsa ta fi ta baya gajarta. Daga ƙarshe ya ce, "Hajiya, lokaci yana tafiya."

"Ban je Makka ba tukuna, Gwaggo ake ce mini. Allah dai ya kira mu. To, Alhaji, an ce kana bin ƙanena kuɗi."

Ya ce haka ne, amma ya so a ce maganar ta tsaya tsakaninsa da yarinya, don rufin asiri.

"Ai ni ce asirin nasa, ni na yi masa wankan jarirai. An ce kun shaƙu ƙwarai. Har yana ba ka labarin 'yarsa."

"Sosai ma."

"Me yake cewa? Maimaita mini in ji sanyi. Tun da ya tafi ban ji maganarsa a bakin kowa ba."

Ya maimaita. Har ya ƙara gishiri, wai Baba ya ce zai kai ni jami'a. Sunana yana ta fitowa daga cikin wayar.

"Da bakinsa ya faɗi sunan?"

"Da bakinsa, a rumfata, ya fi a ƙirga."

"Allahu akbar," in ji Gwaggo. Ta dube ni. Na zaci za ta fashe masa da faɗa, ta gaya masa inda ya faɗi. Ba ta yi ba. Ta gyara tsayuwa ta ce, "To ga abin da za a yi. Gidan nan ka san shi, tunda ka ce ka zo jana'iza. Zaure a buɗe yake. Ka zo da rana tsaka. Ka zo da takarda in akwai. In babu, ka zo da shaidu biyu. In babu, ka zo da alwalarka, liman maƙwabcinmu ne, ga ƙanen mamaci zai zauna. In ya tabbata, ko kwanon rufin gidan nan za mu ɓamɓare mu biya ka kafin maraya ɗaya ya taɓa kwabo. Amma ba za a ɗauki kuɗin marayu a kai wa mai hula a tasha ba."

A nan muryar ta tuɓe rigarta. Wallahi kamar wani mutum daban aka miƙa wa wayar. Ya ce, "Ke tsohuwa, ba ki san da wa kike magana ba. Ranar Litinin za ki ga 'yan sanda a ƙofarku."

"Su zo, akwai tabarma, akwai ruwan randa. Kafin nan faɗa mini sunanka da na ubanka da unguwarku, da sunan kamfanin da na lauyan. Ga 'yar boko nan da biro. Iya ƙarama, ɗauko takarda."

Bai faɗa ba. Ya ce, "Za ki bar ɗan'uwanki yana ƙuna a cikin kabari saboda taurin kai?"

Wannan ta same ta. Na ga jijiyoyin hannunta sun tashi a kan wayar. Ta ja numfashi ta ce, "In yana ƙuna kai ka bar shi. Ka san kana binsa ka yi shiru ran jana'iza, ka yi shiru ran uku, ka yi shiru ran bakwai. In da gaske kake, hau mota yanzu, kafin magariba kana Zariya. Ni zan biya kuɗin motar."

Sai ƙit, sai wannan kukan na layi.

Ta ci gaba da riƙe wayar tana jira. Ta ce, "Ya tafi?"

Na ce ya kife.

"Ba sallama? Ka ji ɗan kasuwa."

Ta miƙo mini kan wayar, ta zame ta zauna a kan buzun Baba, ta ce in kawo mata ruwa. Da na dawo da kofi sai na ga ƙafarta tana rawa a ƙarƙashin zani, rawa sosai, har munduwar hannunta tana ƙara a jikin kofin. Ashe duk tsawon maganar nan ita ma tsoro take ji. Na tsaya ina kallonta. Tsohuwar da ba ta san harafi ɗaya na boko ba, wadda na yi ta gyara wa lissafin canji ina jin kaina wata, ita ce ta tsaya tsakaninmu da wannan muryar, da gaisuwa da tambaya ɗaya. Ban taɓa ganin mutum ya yi girma a gabana haka ba, yana zaune a ƙasa.

Na ce, "Gwaggo, me ya sa ba ki gaya masa yadda kika gane shi ba?"

Ta ce, "In koya masa sana'a? Gobe ya gyara bakinsa ya shiga wani gidan?"

Ba ta bar ni na mayar da kuɗin a ɓoye ba. Ta sa na ɗauki akwatin har ɗakin Inna, na kwance ɗankwalin a gabanta, na faɗi abin da na yi da bakina. Wannan ya fi mini komai wuya. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta daɗe tana kallon kuɗin, ta ce a ƙirga, aka ƙirga, ta ce in rufe in mayar da makullin wuyana. Na ce ban cancanta ba. Ta ce, "Mayar."

Baffa ya zo bayan la'asar. Ya hau babur ya je tashar, bai ga mai koriyar hula ba, mai shayi ya ce mutane nawa ne suke tsayawa a nan. Shi ya tuna mana cewa a sanarwar rasuwa da aka yi a rediyo an faɗi sana'ar Baba, an faɗi unguwa, an kuma jero sunayen 'ya'yansa, nawa a farko. Lambar kuwa tana cikin littafin lambobin waya, kowa zai iya buɗewa. Ya ce ya ji an yi wa matar wani malamin makaranta a Wusasa irin wannan bayan mutuwar mijinta, ita ta kai kuɗin, har yau tana jiran rasit. Na ce to ƙafar fa, da goron, da shuɗiyar rumfa? Baffa ya ce wataƙila da gaske mutumin ya zo zaman makoki, ya zauna yana sauraron hirar mutane. Wannan ita ce maganar da ta ƙi barina. Ni na zuba abincin da aka yi ta fitarwa ƙofar gida a kwanakin nan uku. Ban san wane kwano ne nasa ba.

Litinin ta zo ta wuce, ba ɗan sanda, ba lauya. Na ɗauka an gama. Gwaggo ta ce ba a gama ba. Ta ce don wancan ya yi ƙarya ba shi ne ya nuna babu mai gaskiya ba, kuma ita tun ranar ba ta samun natsuwa, don maganar ratayar ta shige ta. Ta sa Baffa ya roƙi liman ya sake sanarwa bayan sallah, a masallacinmu da na Ƙofar Jatau, cewa duk mai bin marigayi ko da sisi ne ya zo zaure, ba kunya, ba jin nauyi.

Kwana tara ba wanda ya zo. A na goma, da hantsi, aka yi sallama. Wani tsoho ne, ɗaya daga cikin masu bugun da Baba yake kai wa riguna, daga wajen Kufena ya tako a ƙasa. Tafin hannunsa duk kanta. Baffa ya zauna da shi a zaure, ni da Gwaggo muna bayan ƙofa. Ya yi ta'aziyya, ya sha ruwa, ya yi maganar damina, ya yi maganar tsadar zare, ya ba da labarin yadda Baba yake duba riga a rana kafin ya karɓa. Ya kusa awa guda. Har ya jawo takalminsa zai tafi. Baffa ya ce, "Malam, ko akwai wani abu tsakaninku da marigayi?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya ce ba wani abu ba ne. Riga uku ce ya buga masa a makon da ya kwanta, ba a kai ga biya ba. Ya ce shi ya riga ya yafe tun ran da ya ji rasuwar, sanarwar liman ce ta dame shi, ya ji tsoron kada shirunsa ya zama nauyi a kan mamaci, shi ya sa ya zo ya faɗa a gaban shaida cewa ya yafe.

Na koma ɗakin Baba na buɗe littafi. Rigunan suna nan, uku, da rubutun hannuna, an fitar zuwa bugu, gurbin biya babu komai. Naira casa'in.

Gwaggo ta ce a biya shi. Tsohon ya ce ya yafe. Gwaggo ta ɗaga murya daga bayan ƙofa ta ce, "Malam, ka yafe mun gode, Allah ya saka. Yanzu karɓi haƙƙin guminka, ka bar mu mu ma mu yi barci." Sai da Baffa ya kama hannunsa ya danƙa masa. Ya cire hularsa ya sa kuɗin a ciki ya mayar, ya ɗaga hannu ya yi wa Baba addu'a mai tsawo, muka shafa daga inda muke.

Na cike gurbin a littafi, na ja layi a ƙasa. Gwaggo tana tsaye a kaina tana kallon biron, ko da yake ba ta iya karanta abin da na rubuta ba. Ta ce, "An rubuta an biya?"

Na ce an rubuta.

Ta ce, "To, yanzu ya kwanta."